Hoton Zuciyar Baffa

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da "ki tona masa asiri mu huta", ku gyara zama. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa na cika taurin zuciya, na ji, na gode. Ba ubanki ne ya mutu a kan benci ba.

*

Zuciyar Baffa ta ƙi kwanciya.

Nas ta dubi allon da ke saman gadon, ta dubi wayoyin da ta manna masa a ƙirji, ta girgiza kai.

"Baba, bugun nan ya yi yawa. Injin siti sikan ba ya ɗaukar hoto mai kyau in zuciya tana gudu haka, kamar ka ce za ka ɗauki hoton yaro ne yana tsalle. Ka sha shayi ko kofi da safe?"

"Ko ruwa da ƙyar na haɗiya," ya ce, da wannan muryar tasa ta mai shirin barin duniya.

"To me yake firgita ka?"

Ni na san abin da yake firgita shi. Ni ce, ina tsaye jikin bango, na rungume jakata, ina murmushi.

Baffa ƙanin Abbana ne. Ranar da Abba ya tara 'yan'uwa ya ce Baffa ya miƙo makullan shagon kafintan da ya ba shi riƙo, saboda ya gaji da jin an sayar da wannan inji an ɓatar da wancan, ranar Baffa ya fara ciwon zuciya. Ya dafe ƙirji, ya zube ƙasa. Mota ɗaya ce a gidan, aka kinkime shi aka yi asibiti. Abba yana tsaye yana gumi, yana murza hannunsa na hagu, Umma ta ce ya shiga motar shi ma a duba shi.

Ya ce, "Ku kai shi. Nawa ƙwannafi ne kawai."

Ya zauna a kan bencin ƙofar shago. Kafin motar ta dawo da Baffa a gidan gaba yana shan lemo, Abba ya cika.

Tun daga ranar, duk wanda ya ambaci makulli, hannun Baffa ya tafi ƙirji. Gwaggo, yayarsu, ta yanke hukunci cewa Umma ce ta zuga Abba, ta kashe ɗaya ta kusa haɗawa da na biyu. Umma kuwa ta haɗiye. Shekara da shekaru ita ke dafa wa Baffa abinci marar gishiri, ta ɗauka da kanta ta kai masa, kamar mai biyan laifi.

Ni ban haɗiye ba. Ba banza ake ce min Barkono a gidan ba.

Shi ya sa na durƙusa a gaban dangi, na sassauta murya, na ce na samo wa Baffa ranar da za a ɗauki hoton jijiyoyin zuciyarsa da injin da yake ganin komai. Gwaggo har da hawaye, wai ashe na yi hankali. Baffa ya buɗe baki ya rufe. Mai ciwon zuciya ta yaya zai ƙi hoton zuciya? Na gayyato kowa, na ce su zo su tsaya masa. A raina kuwa so nake kowa ya ji da kunnensa.

Yau da muka iso, na koma mota ɗauko katinsa, sai na tarar da shi an bar shi a baya. Ya jingina da ginshiƙi a hawan da ke tsakanin wurin ajiye motoci da ƙofar asibiti, yana shafa muƙamuƙi, goshinsa jiƙe. Ba kowa a wurin. Na ce a raina, kai mutumin nan ya ƙware, ko ba 'yan kallo sai ya yi gwaji.

Yanzu a ɗakin, Nas ta ba shi wata 'yar ƙwaya da ruwa kaɗan.

"Wannan za ta rage gudun. Gwajin ƙodarka ya yi kyau, ruwan rinin da za mu sa maka ba zai dame ka ba. Ka kwanta ka saki jiki, zan dawo. A rage mutane a ɗakin nan, don Allah."

Gwaggo ta gyara zama a bakin gado. "Ni zan zauna da shi."

"A'a Yaya," Baffa ya ce. "Ku fita. Yarinyar nan ta tsaya."

Gwaggo ta harare ni, ta ja jakarta mai kama da buhu, ta fita. Umma ta bi ta a baya, kanta a ƙasa.

Ƙofa na rufuwa, muryar mai barin duniya ta ɓace. Ya tashi zaune garau.

"Me kike so?"

"Lafiyarka, Baffa."

"Ke! Kada ki raina min hankali. Ni na yi miki goyo a wuya. Me kike so?"

Na jawo kujera, na zauna daf da shi.

"So nake likita ta fito gaban Gwaggo ta ce jijiyoyinka tas suke kamar sabon tiyo. So nake in ga inda za ka sa hannunka bayan nan."

Allon ya ƙara ƙara. Ya kalle shi kamar ya mare shi.

"In injin ya yi kuskure fa?"

"Ba ya kuskure. Yanka-yanka yake ɗaukar hoto, ya haɗa, ya juya zuciyar mutum a allo kowa ya gani. Ko kitse ne ya liƙe a jijiya sai ya nuna. In ba komai ma, sai ya nuna ba komai."

Ya laluba aljihun rigarsa da ke rataye, ya fito da kwalbar maganin nan da duk gidan suka sani, wadda ake gudu a ɗauko masa in ya zube. Ya juya ta a hannu.

"Kin san mene ne a ciki?"

"Faɗa min."

"Maganin ƙarin jini. A kemis nake saye in juye."

Na daɗe ina jiran wannan magana. Na zaci in na ji ta zan yi tsalle. Amma ban yi ba.

"Ranar fa?"

"Wace rana?"

"Baffa, kada ka sa in ɗaga murya. Ranar da aka ɗauke ka a mota."

Ya kau da kai ya fuskanci bango.

"Kunya na ji. Yayana ya tsayar da ni gaban mata da yara kamar ɓarawo. Ban san abin da zan ce ba, sai na faɗi. Na zaci in aka watse zai huce, gobe mu yi magana. Wallahi ban san shi ma..."

"Ka gan shi yana gumi."

"Idona a rufe yake."

"Ƙarya kake. Ina riƙe da ƙafarka lokacin da ake sa ka a mota. Ka buɗe ido ɗaya ka dube shi."

Bai musa ba.

"Da ka tashi ka ce ku kai Yaya, da yanzu ina da uba."

"Da na tashi, da na mutu a tsaye don kunya."

"To gara shi ya mutu a zaune?"

Ya share fuska da tafin hannu. Ban ga hawaye ba, kuma da na gani ma ba zan saya ba.

"Bayan an binne shi kuma ina zan sa kaina?" ya ce. "In ce na warke washegari? Dole na ci gaba. Har jikina ya koyi abin. Kwanakin nan in na yi ɗan hawa, sai in ji ƙirjin ya riƙe da kansa, ba ni na sa shi ba. Sabo ne."

"Allah sarki. Ka sha wahala."

"Ki daina min ba'a, ki saurara." Ya sake sa hannu a aljihu, na ji ƙarar ƙarfe. Makullan Abba ne, har da ɗan guntun fatar da Abba ya ɗaure su da shi. "Zan ba ki. Shago, injinan da suka rage, komai. Uwarki ta daina dafa min abinci. Abu ɗaya kawai, in likita ta ce ba komai, ki ce musu na warke. Kada ki ce ban taɓa ciwo ba. Warkewa ai daga Allah take, wa zai yi musu?"

"Kana sayen bakina da kayan ubana?"

"Ina roƙonki."

"Umma ta roƙi Gwaggo ta bar ta ta yi kukan mijinta lafiya. Kana kwance kana ji, har kana nishi."

Nas ta turo ƙofa. Ta dubi allo, ta yi murmushi.

"Yauwa! Ka ga bugun ya sauka. Me kika gaya masa haka, 'yar albarka?"

"Shi ya gaya min," na ce.

Aka sa masa allurar roba a hannu, aka fesa masa wani magani a ƙarƙashin harshe, aka tura shi ɗakin injin. Kafin ƙofa ta rufe na hango injin, wani ƙaton zobe fari da gado siriri a bakinsa. An ɗaga hannuwan Baffa sama da kansa kamar wanda aka kama.

Na tsaya a baranda. Sashen hoto a can ƙasan ginin yake, ba taga, sai fitilu farare da sanyin na'ura. Lif, na'urar hawa bene, ya lalace, da ƙafa muka sauko doguwar matattakala, Gwaggo tana tsine wa wanda ya gina wurin.

Ta cikin ƙofa na ji murya tana cewa, "Ja numfashi. Riƙe. Kada ka motsa."

Na riƙe nawa ni ma.

Ba a jima ba aka fito da shi, yana lalubar wandonsa a tsorace.

"Baba ba ka yi komai ba," Nas ta ce tana dariya. "Ruwan rinin ne, haka yake sa mutum ya ji ɗumi kamar ya saki fitsari."

Gwaggo ta tashi tana sannu, Umma ta miƙa masa ruwa da hannu biyu. Na kau da kai don kada in fasa kofin.

Aka ce mu jira likitar zuciya ta duba. Muka jira. Baffa bai dafe ƙirji ko sau ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa ba in dangi sun taru.

Can Nas ta leƙo. "Likita tana kiran Baba."

Ya riƙo hannuna, ya yi ƙasa da murya.

"Ki shiga ke. Ba zan iya kallon idon matar nan ba." Sannan ya ɗaga murya don Nas ta ji. "'Yata ce, ta gaya mata komai, na yarda. Ni bari in sa rigata."

'Yata. Yau kuma.

Na shiga da ƙafar dama, zuciyata fes.

Likitar dattijuwa ce, tabarau a kan hanci, fitilar ɗakin a rage. Ba ta yi murmushi ba.

"Ina mai hoton?"

"Yana sa kaya. Ya ce a gaya min."

"Zauna, 'yata."

Ta juyo min da allo. Ga zuciyar Baffa nan tana juyawa a hankali, jijiyoyi sun nannaɗe ta kamar saiwar bishiya. Wallahi na zaci baƙa zan gani. Irin ta kowa ce.

"Waɗannan su ne suke kai wa zuciya jini. Kin ga wannan ta dama? Ruwan rini ya bi ta sumul. Yanzu dubi wannan."

Ta sa bakin biro a kan wata babba, can sama. Tana tafiya da kauri, sai ta tsuke ta koma kamar zare, da wasu fararen ɗigo a gefe kamar alli.

"Wannan ce mai shayar da gaban zuciya. Kitse ya taru ya yi tauri, ya kusa rufe ta. Jinin da yake wucewa kaɗan ne."

Na ji kamar an zare kujerar daga ƙarƙashina.

"Likita, ki sake dubawa. Ko hoton wani ne."

"Nasa ne."

"Mutumin nan ƙarya yake! Yanzu da bakinsa ya gaya min. Maganin ƙarin jini yake sha!"

Ta zare tabarau ta dube ni.

"Bakinsa zai iya faɗin abin da ya ga dama. Ni jijiya nake gani. Yana jin ƙirjinsa ya riƙe in ya yi hawa? Ko muƙamuƙi, ko hannun hagu?"

Ginshiƙin nan na waje ya faɗo min a rai. Na gyaɗa kai.

"Akwai wanda ya taɓa mutuwa farat ɗaya a danginsa?"

"Yayansa. Ubana."

"Allah ya jiƙansa. Abin yakan bi jini."

"To ki gaya min abu ɗaya. Shekarun baya, ranar da ubana ya rasu, wannan yana da ciwon ko ba shi da shi?"

"Hoto ba ya ba da labarin jiya, 'yata. Yau yake nunawa. Kuma yau ɗin ba ta da kyau." Ta ɗauki waya. "Zan nema masa gado, a shiga ta jijiya a buɗe wurin. Nas ta tafi neman keken marasa lafiya da masu ɗauka, tunda lif ya mutu. Ke je ki riƙe min shi a zaune. Kada ya ɗauki komai mai nauyi, kada ya taka matattakalar nan. Kin ji ni? Ina gama waya zan fito in yi masa bayani da kaina."

Na fito. Na tsaya a lungun da ke tsakanin ofis da wurin jira.

Ban ji tausayinsa ba, kada wata ta ɗauka. Baƙin ciki na ji, irin mai ɗaci har a harshe. Na kawo mutum in tube shi gaban dangi, sai ga shi da hannuna na samo masa shaida. In na faɗi gaskiya, Gwaggo za ta ce, "Kun gani? Marar lafiya kuka zalunta." Ba wanda zai yarda ya taɓa yin ƙarya. Umma za ta ci gaba da dafa abinci marar gishiri har ta bi Abba. Makulli kuwa sai dai a mafarki.

In na yi shiru fa?

Kafin in ba kaina amsa, na ji hayaniya a wurin jira.

Baffa ne a tsaye tsakiyar dangi, ya sa rigarsa, ya ɗaga hannu sama. Ashe ya riga ni. Yana zaton ya san abin da zan fito da shi, ya ga gara ya faɗa da kalmar da ta yi masa.

"Alhamdu lillahi! Na warke! Tun ina cikin injin na ji abin ya sake ni. Yaya, addu'arki ta karɓu!"

Gwaggo ta fashe da kuka. Ya zaro kwalbar maganin, ya jefa ta a kwandon shara, ta yi ƙara. Yana ganina ya taho da sauri, ya kama hannuna kamar mai sa albarka. Na ji sanyin ƙarfe a tafina. Ya matse yatsuna a kai.

"Ki ce na warke," ya raɗa min. "Shi ke nan. Kin ci."

Ya juya yana dariya.

"Ku tashi mu tafi, yunwa nake ji, yau da gishiri zan ci! Yaya kawo jakar nan. Yau ni zan ɗaukar miki, kuma ni zan riga kowa hawa."

"Kai, ka bi a hankali!" Gwaggo ta ce.

"Wane a hankali? Shekara nawa ina a hankali?"

Ya saɓa jakar Gwaggo a kafaɗa, ya nufi matattakala.

Na waiga. Ƙofar likita a rufe, ina jin muryarta a waya. Nas ba ta dawo ba.

Ya fara hawa. Dangi suna tafi, wani ƙanin matarsa har da fito.

Umma ce kaɗai ba ta motsa ba. Ta zo ta tsaya gabana, ta dubi hannuna da na dunƙule, ta dubi fuskata. Guntun fatar nan ya leƙo ta tsakanin yatsuna, ta gane shi.

"Barkono," ta ce a hankali. "Me likita ta ce?"

A can sama Baffa ya tsaya. Ya kama ƙarfen gefe. Na ga gumi ya jiƙa bayan rigarsa, na ga ya saki ƙarfen yana murza hannunsa na hagu.

"Lafiya?" Gwaggo ta tambaya daga ƙasa.

Ya juyo yana haki, yana murmushi.

"Ba komai, Yaya. Ƙwannafi ne kawai."

Umma ta damƙe hannuna har ƙarfen ya shige min nama. Ita ma ta ji. Ita ma ta taɓa jin wannan magana.

"Ke nake tambaya! Me likita ta ce?"

Bakina a buɗe yake. Kalma ɗaya ce, tsaya, tana nan a kan harshena.

Na tuna bencin ƙofar shago. Na tuna ido ɗaya da aka buɗe a cikin mota aka sake rufewa.

Na ce a raina, bari ya ƙara taka ɗaya tukuna.

Ya ɗaga ƙafa.